Yashi a Tuwon Lahadi

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina ciyar da gida, kuma ban taɓa tashi da safe ina tambayar kaina me za a ci yau ba. Kowace rana da abincinta. Litinin faten wake. Talata tuwon masara da miyar kuka. Laraba akwai addu'ar yamma a coci, don haka doya ce da manja da ɗan barkono, abin da za a sauke kafin a buga ƙararrawa. Alhamis nake shiga kasuwa in samo ƙashi a wurin mahauta, a yi gwate da yakuwa da gauta, tukunya guda, kowa ya kawo kwanonsa. Juma'a da Asabar sai abin da gona ta bayar, gwaza ko dankali, domin zuwa lokacin hankalina ya riga ya tafi wurin Lahadi. Baki tara nake ciyarwa a wancan zamanin: ni da maigidana da uwarsa da 'ya'ya shida. Maigidana a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya. Yakan ce ko an ɗaure masa ido an shigo da shi gidan nan, hancinsa zai gaya masa ranar da ake ciki. Ƙorafi yake yi, na sani, amma bai taɓa barin loma a kwano ba.

Lahadi tuwon acca ne da miyar karkashi da busasshen kifi. Wanda bai san acca ba zai ɗauka tuwo ne kamar kowane tuwo. A ƙasa ake sussukarta, ƙwayarta kuma daidai take da ƙwayar yashi, ido ba ya raba su, sai ruwa. Ƙwarya biyu ake samu. A zuba acca da ruwa a ɗaya, a riƙa juyawa a hankali ana tsiyaye ta cikin ɗayar, yashin ya kwanta a gindi, a zubar da shi, a sake. Ni sau bakwai nake regewa, wani lokaci tara, in ta fito daga hannun manomi mai ƙyuya. Rabin yinin Asabar a nan yake tafiya, a tsugune a bakin rijiya.

Yanzu gidan ya zama ni kaɗai. Uwar mijina ta riga mu gidan gaskiya, maigidana ya bi ta shekarun baya, ɗa ɗaya mun binne shi yana saurayi, sauran kuma aiki da aure sun kwashe su, wasu Kaduna, wasu Abuja, autata tana Kagarko. Wanda ya rage kusa shi ne babban ɗana, malamin makaranta a Zonkwa. Shi da matarsa da 'yan biyunsu mata suke zuwa kowace Lahadi bayan sujada, a tsohuwar motarsa mai tari wadda nake gane ƙararta tun daga kwanar layinmu. Shekara goma sha ɗaya ba su fasa ba sai in ciwo ne ko rasuwa. Sauran ranakun kuwa abin da ya samu nake ci, yankan doya biyu ko kunu, a tsaye a bakin madafa. Tebur mai kujera takwas ba ya zaunuwa ga mutum ɗaya. Na gwada, sai na ji ƙarar cokalina tana dawo mini daga bango. Tun daga Laraba nake fara neman kifi mai kyau, Alhamis in sayi daddawa, Asabar in rege acca. Duk makon nawa hanya ce kawai ta zuwa Lahadi.

Matar ɗana ma'aikaciya ce a sakateriyar ƙaramar hukuma. Maman 'yan biyu nake kiranta. Ba ta da rashin kunya, wannan zan faɗa a gaban kowa. Amma ni mai kallo ce. Na ga yadda take yanka albasa manya-manya kamar ana korarta. Na ga tana jefa dunƙule uku inda daddawa ɗaya ta isa. Ban taɓa bar mata tukunyar Lahadi ba. Ta yanka, ta jajjaga, ta wanke kwanuka, muciya kuwa tana hannuna.

A daminar bara waccan bayana ya riƙe. Na tsuguna regewa ran Asabar, da zan miƙe sai da na rarrafa na kama bakin rijiya. Ban gaya wa kowa ba, amma washegari maman 'yan biyu ta ga yadda nake tafiya. Lahadin da ta biyo baya sai ga ta da wata farar takarda, ta liƙa a bangon madafa.

"Mama, tsarin abincin mako ne na rubuta miki. Masu sauƙi, waɗanda ba sai kin tsuguna ba. Litinin taliya da ƙwai, Talata dafa-duka…"

Na ce, "To wa zai karanta mini? Bangon?"

Ni ban san baƙi ba. Ko wannan da kuke karantawa, da baki na faɗa aka rubuta. Ta san haka, mantuwa ta yi. Ta dafe kai ta ce, "Wayyo Mama, yi haƙuri," ta ciro biro daga jaka ta zana wa kowace rana hotonta: ƙwai, doya, kifi. Kifin ya fi kama da takalmin roba. 'Yan biyu suka yi ta dariya, ita ma tana taya su.

"Lahadi kuma ki bar mini, Mama. Ki zauna a kujera kawai ki riƙa ba da oda."

Na kalli ɗana. Ya sunkuyar da kai yana danna waya, alamar sun riga sun gama maganar tun a mota. Na ce to.

Lahadi ta gaba autata ma ta zo daga Kagarko duba jikina. Maman 'yan biyu ta shigo da acca a wata leda mai sheƙi, ta kanti, an manne bakinta da inji. Ta ce an rubuta a jiki an riga an wanke, an cire yashi, sai dai a zuba a tukunya. Da ta juya ɗora ruwa na sa hannu na ɗebo kaɗan, na murza, na ɗora 'yan ƙwayoyi a haƙorin gaba. Akwai yashi. Ba mai yawa ba ne, regewa uku za ta fitar da shi. Ƙwaryata biyu suna rataye a ƙusa, taku biyu daga inda take tsaye. Na goge hannuna a zani, na koma kujera na zauna.

Zan faɗi dalili, ko da yake dalilin bai wanke ni ba. A wurinmu ba a koya wa amarya girki da baki. Ranar da uwar mijina ta fara miƙa mini muciya, tana zaune tana kallona na rege acca sau biyu kacal na ɗora. Ba ta ce uffan ba. Ranar kuwa an yi gayyar noma, maza sun fi goma a ƙarƙashin ɗorawa. Aka kai musu tuwon. Ina daga bayan rumbu ina jin yadda suke tofarwa. Ta kira ni, ta sa na je na ɗauke ƙwaryar da hannuna, ina ratsawa tsakaninsu. Tun daga ranar ban sake ba mutum yashi ba. Haka aka koya mata, haka ta koya mini, ni kuma na riƙe a raina cewa abin da kunya ta koyar ba ya fita, magana kuwa takan shiga ta nan ta fita ta can.

Muka zauna a tebur. Ɗana ya yi addu'a, ya gutsuri loma ta farko. Daga inda nake na ji ƙarar a haƙorinsa, ƙaras. Ya tsaya, ya daure ya haɗiye, ya kai hannu ga ruwa. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ba ta san dauriya ba, ta tofar a tafin hannu ta ce da Turancinsu wai akwai dutse a ciki. Autata ta toshe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta suna rawa.

Maman 'yan biyu ta ce, "Amma an rubuta an wanke…"

Na ce, "To tunda takarda ce ta wanke, sai a ba takarda ta ci."

Autata ta saki dariyar da take riƙewa. Aka kwashe tuwon, aka dafa taliya cikin gaggawa, kowa ya ci da miyar karkashi, haɗin da ban taɓa gani ba tun da nake.

Daga baya na sami maman 'yan biyu a bakin rijiya tana wanke tukunya. Ba ta ɗago ba.

"Mama, na ga kin sa hannu a ledar."

"Na sa."

"Kin san da yashi."

"Na sani."

Ta ci gaba da goga tukunyar da soson ƙarfe, wurin da ya riga ya fita tas. Can ta ce, "Da kin ce mini, ke wawuya, akwai yashi, Allah ya sani da na gode miki."

Na ce, "Yanzu ai ba za ki manta ba."

"Ba zan manta ba, Mama."

Na shiga ɗaki ina ganin na yi aikin uwa.

Lahadi ta zagayo. Da bayan nawa haka na rege acca a zaune a kan turmi, na tuƙa tuwon mutum biyar. Ƙarfe ɗaya ta yi, biyu ta yi. Duk motar da ta yi tari a kwana sai in miƙe. Wajen uku ɗana ya buga waya, ya ce taro ya riƙe su a coci. Wadda ta biyo, 'yan biyu suna da jarrabawa. Ta uku ya zo shi kaɗai, ya ci rabin malmala yana duban agogo. Na tambayi yara, ya ce suna lafiya. Ban tambayi uwarsu ba, shi ma bai kawo maganarta ba. Da zai tafi ya buɗe bayan mota ya sauke wata kula. A ciki robobi shida ne masu murfi, abincin Litinin zuwa Asabar, ta dafa ta raba, wai in sa a firij in riƙa ɗumamawa. A kan kowane murfi ta liƙa 'yar takarda ta zana hoto. Ga ƙwai, ga doya, ga takalmin roba.

Da ba ta aiko da komai ba, da na samu abin da zan riƙe in yi fushi da shi. Na ci abincin. Albasar manya-manya ce, amma gishiri ya yi daidai. Ban samu abin kushewa ba, ko na samu ma babu wanda zan gaya wa. Haka muka yi wata biyu da rabi, ba mai zuwa, sai dai a aiko kula a bas cike, ta koma babu komai. Ban daina tuƙa tuwon Lahadi ba. Nakan tuƙa, in rufe da faifai, in jera kwanuka, in jira har la'asar, sannan in miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Har suka fara aiko da kwano tun kafin in kira, abin da ya fi komai ƙona mini rai ke nan. A coci matan zumunta suna tambayata jikoki, in ce suna nan ƙalau, in yi gaba.

Wadda ta fara taɓo maganar ita ce Hajiya mai daddawa. Shekara talatin a rumfarta nake sayen daddawa da kanwa. Iyayenta a garin nan aka haife su, tun zuwan jirgin ƙasa. Akwai lokutan da gari ya rikice har muka daina gaisawa a fili, amma ban taɓa sayen daddawar wani ba.

"Matar reluwe, kin daina sayen ƙuli-ƙulin 'yan biyu. Lafiya?"

Na ce makaranta ce ta riƙe su.

"Makaranta ran Lahadi? Ke dai faɗi gaskiya, wa kika yanka da bakin nan naki?"

Na zauna a bencinta na ba ta labari tiryan-tiryan, ina jiran ta ce na yi daidai, domin ita ma ta aurar da 'ya'ya maza huɗu. Tana saurare tana ƙulla daddawa.

"Uwar mijinki da ta yi miki haka, ina za ki je a lokacin? Rumbu ɗaya, rijiya ɗaya, dole ki kwana ki tashi ki gan ta. Wannan kuwa da albashinta, da gas ɗinta, ga mota a ƙofa. Kin yi wa tsuntsuwa horon kazar gida."

Na ce, "Ni zan je in durƙusa wa yarinyar da aka haifa ina da 'ya'ya uku?"

"Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. In kuma ba za ki iya ba, ci gaba da ciyar da maƙwabta, Allah ya ba da lada. Su ma bayin Allah ne, kuma na ji an ce sun yi ƙiba."

Na tashi ban yi mata sallama ba. Ta bi ni da murya wai na bar kanwata.

Sai da na yi Asabar biyu ina ɗaura kaya ina kwancewa. Ta uku na sa ƙwarya biyu da mudun acca a buhu, ta manomi, mai yashinta, na hau bas ɗin Zonkwa tsakanin wani buhun citta da wata mai goyo. Ban aika cewa ina zuwa ba. Sau uku kacal na taɓa taka gidan, domin a wurinmu ɗa ne ke zuwa wurin uwa.

Na same ta a tsakar gida tsakanin bahon wanki uku, kumfa har gwiwar hannu, tukunyar wake a kan gas. A kan benci an jera robobi shida suna jiran a cika su. Nawa ne. Na tsaya ina kallonsu. Duk watannin nan ban taɓa tambayar kaina a wane lokaci take dafa su ba.

Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta kawo kujera, ta kawo ruwa. 'Yan biyu suka rungume ni suka koma wurin wasansu. Ɗana ba ya nan, ya tafi Fadan Kaje gaisuwar rasuwa. Gara haka.

Tun a bas nake juya abin da zan faɗa, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Kawo ruwa a bokiti."

Ta kawo. Na zuba acca a ƙwarya na fara, ina yi ina faɗa. "Karkata kaɗan. Kar ki yi sauri, ki bar ruwan ya ɗauke ta da kansa. Kin ga baƙin nan a gindi? Shi ne." Ban taɓa koya wa mutum abu da baki haka ba, ko 'ya'yan cikina. Muryata ma ta zame mini baƙuwa. Ta tsuguna ta karɓi ƙwaryar, ta yi sau ɗaya, a na biyu acca ta zube a ƙasa. Ta ɗago tana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Kowa yana zubarwa da farko."

A regewa ta biyar, idona yana kan ruwa, na ce, "Ranar da aka yi mini, a bayan rumbu na yi kuka har rana ta faɗi. Na san zafinsa, kuma na zauna na zuba miki ido. Ban kyauta ba."

Ta zubar da yashin da ya kwanta a gindin ƙwaryar. Sannan ta ce, "Ya wuce, Mama."

"To gobe za ku zo?"

Ta ajiye ƙwaryar, ta goge hannu a zani.

"Mama, zan faɗa miki gaskiya, kar ki ji haushi. Kwana biyar ina ofis. Asabar ga shi kin gani da idonki. Lahadi daga coci sai mota, mu dawo da yamma, yunifom ba guga, aikin makarantar yara ba a taɓa ba. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa dafa abincin Lahadi a gidana ba sai watannin nan. Baban 'yan biyu ya ci ya yi barci a kujerarsa, ni ma na miƙe ƙafa. Na ji daɗinsa, Mama, ba zan ɓoye miki ba."

Na so in ce ni da na yi shekara arba'in, wa ya taɓa tambayata ko na gaji. Na haɗiye.

"Sau biyu a wata," na ce.

"Sau ɗaya, Mama. Lahadin farkon wata, ranar jibin Ubangiji a coci. Wannan ba za mu fasa ba ko ana ruwan ƙanƙara."

"Kina ciniki da ni kamar mai tumatir."

"Ai a wurinki na ga yadda ake yi." Ta ɗan murmusa, amma ba ta ƙara ko rana ɗaya ba. "Kuma regewar nan, gaskiya ba zan iya kowane wata ba."

"Ni zan rege, a zaune. Ke ki tuƙa."

Da la'asar ta cika robobin, ta ɗora kula a kai ta raka ni tasha. Ta tsaya har bas ya cika.

Lahadin farko ta wata, ana rufe sujada da albarka na fita ban gaida kowa ba, na je na buɗe ƙofar gida duka biyu. Suka iso kafin ƙarfe ɗaya. Na zauna a kujera a madafa, ta ɗora ruwan tuwo. Na ga ya yi yawa, na faɗa nan take.

"Na gani, Mama," in ji ta, ta rage.

Tuwon ya fi nawa laushi kaɗan. Ɗana ya ƙara malmala. 'Yan biyu sun yi tsayi a 'yan watannin nan, ɗaya ma har ta daina cin kan kifi da na saba ajiye mata, ta tura wa 'yar'uwarta. Ƙarfe huɗu hadari ya haɗo daga dutsen Kagoro, suka yi sauri suka shiga mota don kar ruwa ya kama su a hanya.

Tun daga lokacin ba su fasa ba ko sau ɗaya, ni kuma ban sake roƙon ƙari ba. Sauran Lahadi ukun, wani watan huɗu, nakan tsaya bayan sujada in gaida fasto, in gaida matan zumunta ɗaya bayan ɗaya, in taya masu shara gyara benci, har mai gadi ya fara karkaɗa makullai. Sannan in taho gida a hankali ta doguwar hanya, tunda babu abin da na bari a kan wuta.